Darasi: Egress, Babbar Kalmar Fita a Ingilishi

A ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2025 aka sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa a Yamai. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki ne. Mu nan Belbeji da sauran ƙasar Damargu, Ingilishi ya riga kundin isowa. Yana jikin kwalin maganin da ake kawowa daga Kano, yana cikin wayar hannu, yana kan takardun da ƴan bida ke dawowa da su. Abin da ya ƙaru shi ne nan gaba za mu riƙa cin karo da shi a takardun hukuma, kuma Ingilishin takarda daban yake da Ingilishin kasuwa.

Darasin yau kan kalma ɗaya ya tsaya. Kowa ya rubuta ta a littafinsa: e, g, r, e, s, s. Ana furta ta “igres”, a ja wasalin farko, a taƙaita na biyu. Harafin s biyu ne a rubuce, amma ɗaya ake ji.

Ma’anarta

Egress tana nufin fita, amma ta ɗauki abu uku a lokaci guda: aikin fitar kansa, da hanyar da ake bi a fita, da kuma haƙƙin da mutum yake da shi na fita ba tare da wani ya tare shi ba. Kishiyarta ita ce ingress, wato shiga, ita ma da hanyarta da haƙƙinta. Idan za a nemo mata ƴar uwa a Hausa, “mafita” ce ta fi kusa.

Mutumin Ingila ba ya faɗar wannan kalma a cikin gidansa. In zai ce wa ɗansa ya fita, go out zai ce. In ya ɗaga kai a tashar jirgi ko a asibiti, exit zai gani a rubuce bisa ƙofa. Egress sai a bakin lauya, ko a takardar mai zanen gini, ko a littafin doka. Ma’ana ɗaya, matsayi uku.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Akuya mutuwa take yi, maƙwabci rasuwa, amma idan ana maganar Manzon Allah (SAW) wafati ake cewa. Wanda ya tashi daga wannan unguwa zuwa waccan ƙaura ya yi. Tashin da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi daga Degel zuwa Gudu a 1804 kuwa hijira ake ce masa. Ku lura, kalmomin da muke ajiyewa don wurin girma daga Larabci suka zo. Matsayin da Larabci yake da shi a Hausa, shi harshen Latin yake da shi a Ingilishi. Daga can egress ta fito.

A tsaga ta biyu

Doguwar kalmar boko kamar goro take, tana da layin tsagarta. Wanda ya gano layin ba ya buƙatar wuƙa. Egress tana tsagewa ne bayan harafin farko: e a gefe guda, gress a ɗaya gefen.

Guntun farko asalinsa ex ne, kuma a Latin yana nufin daga ciki zuwa waje. Idan ya haɗu da wasu baƙaƙe, irin su g, sai x ɗin ya faɗi don sauƙin furuci, e ya saura. Guntu na biyu ya fito daga gradi, wato yin taku, ɗaga ƙafa a ajiye. Da aka haɗa su sai aka sami egredi, taka waje, daga nan kuma aka sami sunan aikin, egressus. Malaman Ingila sun ɗauko wannan sunan a ƙarni na 16, suka yanke masa jela, ya zama egress. Duk girman da kalmar take nunawa a takarda, abin da ke cikinta bai wuce “taku waje” ba.

Latin harshen Rumawa ne, kuma kada mu ɗauka ƙasar Rumawa wata duniya ce can nesa. Daularsu ta mamaye bakin tekun arewacin Afirka na ɗaruruwan shekaru. Samarinmu da suka yi bida a Libiya, wanda duk ya kai garin Hums, gabas da Turabulus, yana iya ganin kufan birnin Labda da ginshiƙansa na dutse a tsaye har yau, da rubutun Latin a jikin duwatsun. A wannan birni aka haifi Septimius Severus, wanda ya mulki dukan daular Rum daga shekara ta 193 zuwa ta 211. Ke nan tun wancan zamani ana jin Latin a ƙarshen hanyar da daga baya ayarin raƙuma suka riƙa bi daga Kano, ta Damagaram da Damargu da Abzin, har bakin teku.

To yaya aka yi Ingilishi ya cika da kalmomin Rumawa? A 1066 wani basarake daga arewacin Faransa mai suna Wiliyam ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan, kusan shekara 300, fada da kotu da Faransanci suke magana, coci da makaranta da Latin suke rubutu, talaka kuwa yana nan da Ingilishinsa a gona. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari’a da Ingilishi, saboda mutane ba su gane abin da ake faɗa a kansu a gaban alƙali. Duk da haka rubuta takardun kotu da Latin bai ƙare ba sai a 1733. Ko da harsunan suka tafi, kalmominsu sun zauna. Ɗan Nijar da ya taɓa tsayawa a gaban hukuma yana jiran tafinta ya gaya masa abin da aka yanke a kansa ya san zafin wannan tarihi fiye da Baturen yau.

Dangin kalmar

Amfanin tsaga kalma shi ne, da zarar ka san guntu ɗaya, ka buɗe kalmomi da yawa. Mu riƙe gress, taku, mu riƙa canza masa abin da ke gabansa. Da in, ciki, ya zama ingress, taku ciki. Da pro, gaba, ya zama progress, ci gaba. Da re, baya, ya zama regress, komawa. Da con, tare, ya zama congress, tattakowa wuri guda, wato babban taro.

Waɗannan kun daɗe kuna jin su, ba ku dai san dangi ba ne. Dattawan cikinmu sun san jam’iyyar PPN-RDA ta su Diori Hamani, wadda aka kafa a 1946. P na biyu a sunanta progressiste ne, mai son ci gaba. A Kano, NEPU ta su Malam Aminu Kano, da aka kafa a 1950, ita ma P ɗinta ke nan, abokiyar hamayyarta NPC kuma C ɗinta congress ne. Jam’iyyar APC ta Najeriya ta yau ta haɗa duka biyun a suna ɗaya. Har kalmar grade da sojoji da ma’aikata ke faɗa game da muƙami daga wannan tushe take, domin muƙami mataki ne.

Shi kuma ex yana cikin exit, wadda a Latin take nufin “yana fita”. Da farko a rubutun wasan kwaikwayo ake sa ta don a nuna inda ɗan wasa zai bar fage, daga baya ta hau kan ƙofofi. Yana cikin export, fitar da kaya waje, irin su albasa da wake da dabbobin da ƙasarmu ke sayarwa. Yana gaban sunan duk wanda ya sauka daga kujera, kamar yadda ake cewa ex-président.

Akwai wata da ta fi duka shafar gidajenmu: exode. Ita daga Girkanci take, ba Latin ba, amma guntun farko ɗaya ne, na biyun kuma, hodos, hanya ke nan. Asalinta sunan fitar da Annabi Musa (AS) ya yi da Bani Isra’ila daga Masar ne, shi ya sa littafin Attaura na biyu ake kiransa Fitowa a fassarar Hausa. Da wannan kalma ma’aikata ke rubuta tafiyar da samarinmu suke yi bayan girbi zuwa Agadas, Aljeriya, Libiya ko Najeriya, har Faransancin Nijar ya ƙirƙiro exodant don matafiyin. Ni a ganina sunan ya yi wa tafiyar nauyi. Bani Isra’ila fita suka yi ba da niyyar komawa ba. Namu kuwa cin rani ne, ko bida: an tafi ne a rage wa rumbu baki, a nemo abin da za a ƙara, kuma da hadari ya fara haɗuwa hankalin kowa gona yake komawa. Wanda ya ce cin rani ya faɗi lokacin tafiya, ya faɗi na dawowa.

Abin da muke da shi a gida

Wanda ya yi karatun allo ya riga ya san wannan aiki na tsaga kalma. A Larabci kharaja ya fita ne, khuruj fita, makhraj kuma wurin fita, kamar yadda malamin tajwidi ke koyar da mafitar kowane harafi. Alhazai sun ga makhraj ɗin nan a rubuce tare da exit a filin jirgin Jidda. Hausa ma haka take gina tata: a sa ma a gaban aiki, a sami wurin yinsa. Shiga ta ba da mashiga, fita ta ba da mafita, kamar yadda ƙera ta ba da maƙera.

A wani wurin ma Hausa ta fi egress bayani. Ku saurari waɗannan: ya fita, ya fito, ya fice, ya fitar. “Ya fita” na nuna ya bar inda muke. “Ya fito” na nuna ya nufo inda muke. “Ya fitar” wani abu ya kai waje. “Ya fice” kuwa ya tafi gaba ɗaya. Shi ya sa da Nijar da Mali da Burkina Faso suka bar ƙungiyar CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, gidajen rediyo “sun fice” suka ce. Ƙarshen kalma kawai muke juyawa ma’ana ta sauya, abin da Ingilishi sai ya ƙaro wata kalma kafin ya faɗe shi. Na kawo wannan ne don kada wani ya zauna a ajin nan yana ganin harshensa ƙarami ne a gaban na takarda.

Wanda bai tambaya ba

Ana ba da labarin wani ɗan kasuwar Amurka, P. T. Barnum, wanda ya riƙe gidan kallon abubuwan al’ajabi a birnin Niyok daga farkon shekarun 1840 har gobara ta cinye shi a 1865. Kuɗin shiga santi 25 ne. Mutane in sun shiga ba su son fita, wasu kuwa na waje suna jira da kuɗinsu a hannu. Sai ya sa aka kafa allo mai nuna hanyar zuwa egress. Masu kallo suka zaci sunan wata dabba ce da ba su gani ba tukuna, suka bi, suka tura ƙofa, sai ga su a kan titi. Mai son komawa sai ya sake biya.

Waɗannan mutane Ingilishi ne harshensu, kuma da yawansu sun iya karatu. Haɗa baƙi da wasali bai hana a yi musu wayo ba, domin sun karanta kalmar, ba su san ta ba, kuma ba su tambaya ba. Matambayi ba ya ɓata. Kada dattijo ya ji kunyar ɗora yatsa a kan kalma a cikin takarda ya ce wa ma’aikaci, “Malam, wannan me take nufi da Hausa?” kafin ya sa hannu ko ya dangwala.

Egress a jikin gini

Inda aka fi amfani da kalmar a yau shi ne dokokin gini. A Amurka, alal misali, doka ta raba hanyar fita kashi uku: daga inda mutum yake zaune zuwa bakin ƙofa, sai ƙofar kanta, sai daga ƙofar zuwa fili inda ya tsira. In ɗaya daga cikin ukun ya toshe, a idon doka ginin ba shi da mafita, ko da ƙofarsa ta kai faɗin ta gareji.

Da rayukan mutane aka sayi waɗannan dokoki. A ranar 16 ga Yunin 1883, a garin Sandaland na Ingila, an tara yara a wani babban zaure don kallon wasa. Da aka ce za a raba kyauta, yaran da ke saman bene suka rugo ƙasa. Ƙofar da ke ƙarshen matakala ciki take buɗewa, kuma an sa mata sakata, an bar ƴar kafar da yaro ɗaya kawai zai iya wucewa. Na baya suka danne na gaba. Yara 183 suka mutu, ba wuta, ba rushewar gini. Bayan wannan ne aka wajabta cewa ƙofofin wuraren taro waje za su riƙa buɗewa, aka kuma ƙirƙiro sakatar da ke sakin kanta da zarar an tura ta daga ciki.

Mu ma mun ga namu. A ranar 13 ga Afrilun 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, yawancinsu ƙanana ƙwarai. Rahotanni sun ce daga wajen ƙofar makarantar wutar ta taso, kuma babu wata ƙofar ta biyu. A ranar 8 ga Nuwamban wannan shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana sa yaran rainon makaranta a ajin zana.

Amma ajin zana bai ƙare a ƙauyukanmu ba, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan darasi a cikin irinsa suke zaune yanzu. Ku duba shi da kyau. Zana ta kewaye ko’ina, ta bushe ƙayau tun kaka. Ƙofa ɗaya ce, sau da yawa kusa da allo, a bakinta an jingine keke ko an ajiye randar ruwa. Na layin baya sai ya tsallake mutum goma kafin ya kai gare ta. Ga iskar hunturun Damargu, wadda ba ta ba wuta lokacin yin shawara. Buɗe ƙofa ta biyu a bayan aji ba ya cin ko dala, ɗaga zana ɗaya ne a ɗaure ta da igiyar da yaro zai iya kwancewa. Rashin yin haka sakaci ne, kuma namu ne, ba na gwamnati ba.

Egress a takardar fili

Wuri na biyu shi ne dokar ƙasa da gonaki. Tsofaffin takardun haya da na saye a Ingila, da na ƙasashen da suka gaji dokarta irin su Najeriya da Gana, sukan jera kalmomi uku tare: ingress, egress, regress. Wato mai fili yana da haƙƙin shiga, da fita, da sake komawa. Lauyoyi sun rubuta haka ne domin sun ga abin da ke faruwa in ba a rubuta ba.

A ce mutum ya sayi gona a kwarin Tarka, gonakin wasu sun kewaye ta ta kowane gefe. Ranar ciniki kowa fara’a yake, mai sayarwa ya nuna wata ƴar hanya ta gefen gonar ƙanensa ya ce, “Ai nan za ka riƙa bi, Alhaji, ba komai.” An rubuta tsawo da faɗi da kuɗi da shaidu, hanya ba a rubuta ba. Bayan shekara biyar ƙanen ya rasu, magada sun raba, wanda gefen ya faɗo masa ya ja shingen ƙaya. Ga damman hatsi a gona, amalanke ba ta da inda za ta bi. Gonar tasa ce, babu mai musu, amma mafitarta a hannun wani take.

Takardun filayenmu yawanci da Faransanci ake rubuta su har yanzu, kuma a can droit de passage za ku gani, haƙƙin wucewa. Suna ne ya bambanta. Kuma babu inda wannan magana ta fi nauyi kamar gundumarmu, wadda aka cire daga Tanut a 2011, inda gona da makiyaya suke kafaɗa da kafaɗa. Tun ranar 26 ga Mayun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, kuma ta wannan yanki na Tarka da Tanut ta bi. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da muke kira kofo, waɗanda daga baya suka kai har ƙauye. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayun 2010 kuma ta ce zirga-zirga haƙƙi ne na makiyayi. Burtali shi ne mashiga da mafitar garke. Manomin da ya ci taku biyu na burtali bana, maƙwabcinsa ya ci biyu baɗi, sun toshe wa Bafulatani da Ba’abzine hanyar rijiya, kuma shanun da ba su sami hanya ba ta cikin gero za su bi. Yawancin rigimar da ke kai mu gaban mai gari da kaka daga nan take farawa.

Aikin aji da na gida

Ku zauna bibbiyu. Kowa ya rubuta egress, ingress, progress da congress, ya ja layi inda kowace take tsagewa, ya rubuta ma’anar guntayen da Hausa a ƙasa. Bayan haka kowa ya gina jimla huɗu da fita, fito, fice da fitar, ya karanta wa abokin zamansa, shi kuma ya faɗi bambancin da ya ji. Wanda ya yi karatun allo ya taimaka wa na kusa da shi su nemo kalmomin Hausa biyar da aka gina da ma na wuri, irin su mashaya da mahauta.

Na gida ya fi muhimmanci. Iyayena da ƴan uwana, kafin haɗuwa ta gaba kowa ya je wuri uku da jama’a ke taruwa a garinsu: ajin da ƴaƴansa ke karatu, masallacin Juma’a, da ɗakin shan magani. Ya ƙirga ƙofofi, ya duba ko ciki suke buɗewa ko waje, ya ga abin da aka ajiye a bakinsu, ya rubuta. Mai takardar gona ko ta fili ya ɗauko ta a karanta masa, a ga ko an ambaci hanya. In ba a ambata ba, ya je wurin kofo na ƙauyensu tun shaidun cinikin suna raye, ya nemi a rubuta ta.